Minti 21 a Wembley, da Yunwar da Aka Taru Dominta

 Wannan makon layi ya biyo ta kaina, kuma na san da ganin kan rubutun wani zai ce me ya haɗa zauren nan da kiɗan Turawa. Ku ara mini hankalinku, labarin ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato.

Ina ajin ƙarshe na difloma wani abokin kwanana ya tura mini wani bidiyo a waya. Da dare ne, an ɗauke wuta, ga zafi. Na ga wani mutum mai gashin baki da farar singileti ya fito da gudu kan dandamali, gabansa jama'a iya ganin ido, kai ka ce fari ne suka sauka a gona. Ya zauna ya taɓa fiyano, ya tashi ya ɗaga hannu, filin nan kaf ya ɗaga hannu. Sau uku na maimaita kafin caji ya ƙare. Tun daga ranar ƙungiyar Queen ta zama gwanata a kiɗan rok, duk da cewa mutumin ya mutu tun kafin a haife ni, filin da ya tsaya a ciki ma an rushe shi. Abin kunyar shi ne na fi shekara ina kallon bidiyon nan ban taɓa tambayar me ya tara mutanen ba. Da na tambaya, sai na tarar yunwa ce ta tara su, yunwar Afirka.

A ranar 23 ga Oktoban 1984 gidan talabijin na BBC ya nuna wani rahoto daga garin Korem da ke arewacin Habasha. Michael Buerk ne ya yi magana, amma wanda ya riƙe kyamara ɗan Kenya ne, Mohamed Amin, kuma hotunansa ne suka yi aikin. Dubban mutane kwance a fili da asuba cikin sanyi, yara sun koma ƙashi da fata, ana jera gawarwaki. Ƙiyasin waɗanda wannan yunwa ta kashe ya kama daga 400,000 zuwa miliyan guda. Cikin waɗanda suka kalli rahoton a Landan akwai Bob Geldof, mawaƙi ɗan ƙasar Ailan wanda tauraronsa ya riga ya fara dusashewa. Shi da Midge Ure suka rubuta waƙa, suka tara manyan mawaƙan Birtaniya a sutudiyo ranar 25 ga Nuwamba da sunan Band Aid, faifan ya tara kusan fam miliyan 8. Amurkawa suka ga haka suka yi tasu a Janairun 1985, wato We Are the World, wadda Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta.

Geldof ya ga kuɗin faifai ba za su isa ba, sai ya ce a yi wasa. Fili biyu a nahiya biyu a rana ɗaya: Wembley a Landan, da filin JFK a Filadelfiya ta Amurka, a haɗa su ta tauraron ɗan'adam, duniya ta kalla kai tsaye. Cikin kimanin mako 10 aka shirya komai. Yadda ya tara taurarin ma labari ne. Sai ya kira wannan ya ce wancan ya yarda, ya kira wancan ya ce wannan ya yarda, alhali babu wanda ya amsa tukuna. Kowa na tsoron a yi babu shi. Tikitin Wembley fam 25 ne, fam 20 a ciki gudummawa ce. Aka sa wa wasan suna Live Aid, aka tsayar da Asabar 13 ga Yulin 1985.

Mutum 72,000 ne suka shiga Wembley. Da ƙarfe 12 na rana, ga Yarima Charles da Gimbiya Diana a zaune, ƙungiyar Status Quo ta buɗe fage. An yi dandamalin mai juyawa ne, an raba shi uku: wata ƙungiya na wasa a gaba, ana jera kayan ta gaba a ɗaya ɓangaren, ana kwashe na wadda ta gama a na ukun. Yawancinsu minti 20 ko ƙasa da haka aka ba su, komai girmansu. Babu gwajin sauti, babu fitilu masu launi da hayaƙin da aka saba rufa asiri da su, domin rana ce tsaka. Mawaƙi ne da muryarsa da jama'a.

Wannan tsari ya tona wa manya da yawa asiri. Paul McCartney ya yi kusan minti biyu yana waƙa makirfo a mace, bai sani ba. Ana cikin wasan The Who hoto ya yanke wa masu kallo a gida. Led Zeppelin a Filadelfiya sun yi wasan da su kansu suka ji kunyarsa, har suka hana a saka shi cikin faifan da aka fitar bayan kusan shekara 20. Bob Dylan ya hau dandamali ya ce da za a ɗan tsakuro wani abu daga kuɗin a taimaki manoman Amurka da bashi ya yi wa katutu, maganar da ta ɓata wa Geldof rai. Bono na U2 ya diro daga dandamali ya je rawa da wata yarinya cikin 'yan kallo, waƙa ɗaya ta ci minti 12, suka rasa damar yin ta ukun. Shi kuwa Phil Collins ya yi wasa a Landan, ya hau jirgin Concorde ya tsallake teku ya sake yi a Filadelfiya a ranar.

Queen ba su shigo wannan rana a matsayin 'yan lele ba. An kafa ƙungiyar a Landan a 1970: Freddie Mercury a waƙa, Brian May a jita, Roger Taylor a ganguna, sai John Deacon da ya shigo a 1971 da jitar ƙasa mai kauri. Zuwa 1985 sun riga sun cika filaye a Japan da Kudancin Amurka, a Janairun shekarar ma sun yi wasa gaban dubban ɗaruruwa a Riyo ta Birazil. Amma a gida akwai tabo a jikinsu. A Oktoban 1984, watan da aka nuna hotunan Korem, suna Sun City suna wasa. Sun City katafaren otal ne da gidan caca da aka gina a Bophuthatswana, ɗaya daga cikin yankunan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta yanka ta ce wai ƙasashe ne masu 'yanci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riga ta nemi mawaƙa su ƙaurace wa ƙasar, Nelson Mandela na kurkuku. Queen suka je, suka yi wasa tara, suka karɓi kuɗi. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta ci su tara, sunansu ya shiga kundin Majalisar na waɗanda suka karya takunkumin. Kwamitin Majalisar da ke yaƙi da wariyar kuwa namu ne suka daɗe suna jan ragamarsa. Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabance shi, kuma a lokacin da wannan abu ya faru Janar Joe Garba ne a kan kujerar. Su Queen sun kare kansu da cewa ba 'yan siyasa ba ne, kuma baƙi da farare suka yi wa wasa tare. Ni dai hujjar ba ta shige ni ba. Wanda ya shiga gidan da ake dukan mai gida ya ci tuwo ya fito, ba zai ce bai ji kuka ba. Bayan shekaru masu yawa Roger Taylor ya amsa cewa kuskure ne. Ba su cikin waɗanda suka yi faifan Band Aid.

Abin da suka yi daban shi ne sun ɗauki minti 20 ɗin nan da muhimmanci. Suka kama wani gidan wasan kwaikwayo a Landan, Shaw Theatre, suka yi kwana uku suna gwaji da agogo a gabansu. Sun gane abin da wasu ba su gane ba, cewa wannan ba taronsu ba ne. Kowa a filin da gwanin da ya biya kuɗi ya zo gani, wani U2, wani David Bowie, wani Elton John. Don haka babu zancen sabuwar waƙa ko doguwar gwaninta da jita. Suka zaɓi waƙoƙi shida da ko ɗan tasi ya sani, suka datse su, suka ɗinke su da juna yadda ba za a sami sararin numfashi ba.

Ƙarfe 6:41 na yamma suka fito. A watan Yuli agogon Landan ɗaya yake da namu, wato nan ana shirin magariba, amma can rana na nan da sauranta, domin sai bayan ƙarfe tara take faɗuwa. Freddie ya zauna gaban fiyano ya fara Bohemian Rhapsody, tun bai kai ƙarshen layin farko ba filin ya karɓe. Bai ƙarasa waƙar ba, ya miƙe ya karɓi makirfonsa mai guntun sanda, aka shiga Radio Ga Ga. A nan ne abin ya faru. A bidiyon waƙar da aka fitar a 1984 akwai inda jama'a ke ɗaga hannu biyu sama su tafa sau biyu a tare. Babu wanda ya ce a yi, amma da amshin ya zo mutum 72,000 suka ɗaga hannu, suka tafa, suka buɗe, tun daga bakin dandamali har can ƙarshen fili inda mutum ke zama kamar ɗigo. In ka lura da hoton da kyau za ka ga tafin na tafiya kamar igiyar ruwa, na baya na ɗan makara kaɗan, saboda sauti na ɗaukar lokaci kafin ya iso gare su.

Da waƙar ta ƙare ya tsayar da kiɗa gaba ɗaya. Ya tsaya shi kaɗai a bakin dandamali ya rera wani sauti da ba kalma ba ne, wasali ne zalla, filin ya mayar masa. Ya ja shi sama, suka bi. Ya karya shi gajere-gajere da sauri, suka bi. Ya riƙe guda ɗaya ya ja shi har kana jira numfashinsa ya ƙare, suka riƙe tare da shi. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk wanda ya saurari Shata ya san aikin 'yan amshi, ya san yadda waƙa ke tsayawa da ƙafa biyu. Bambancin shi ne Shata da 'yan amshinsa yake yawo, sun san bakinsa. Wannan kuwa cikin ƙasa da minti biyu ya mayar da baƙi, masoyan wasu, 'yan amshinsa. Daga nan Hammer to Fall, inda ya riƙa rawa da mai ɗaukar hoton BBC kamar tsohon abokinsa, sai Crazy Little Thing Called Love, sai guntun We Will Rock You, suka rufe da We Are the Champions, filin na kaɗawa hagu da dama kamar gero a iska. Minti 21. A 2005 aka tambayi mawaƙa da 'yan jarida da masu harkar faifai sama da 60 a Birtaniya, suka zaɓe shi a matsayin wasan rok mafi kyau da aka taɓa yi kai tsaye.

Na sha tambayar kaina me wanda ya tsaya a filin nan ya samu da ni mai waya ban samu ba. Ta fuskar gani na fi shi, domin ni ina ganin zufar goshin Freddie, shi kuwa in yana baya ɗan farin abu kawai yake hange. Tun safe yake tsaye a rana, ƙishirwa, matsi, ga layin banɗaki. Amma shi yana cikin sautin. Duk wanda ya taɓa kasancewa a filin ƙwallo lokacin da aka ci a mintin ƙarshe ya san akwai ƙarar da ba da kunne ake jin ta ba, a ƙirji take sauka, ka tsinci kanka rungume da wanda ba ka san sunansa ba. Abin da ake biyan kuɗin tikiti dominsa ke nan, kuma shi ne abin da waya ba ta iya ɗaukowa. Geldof ya san da wannan ƙarfi, shi ya sa ya ƙi tsayawa a faifai. Abin da ba a iya sarrafawa shi ne inda ƙarfin zai nufa bayan an tayar da shi.

Ga misali a ranar kanta. An ce bayan kusan awa bakwai ana wasa, abin da aka tara ta waya bai wuce fam miliyan 1.2 ba. Mutane na ta jin daɗi a gaban talabijin, sun manta da aljihu. Geldof ya hau ɗakin watsa shirin BBC a fusace, har da ashar a bainar jama'a, yana cewa a bar zuwa mashaya a aiko da kuɗi. Bayan Queen, David Bowie ne ya hau. Ya yarda ya bar waƙarsa ɗaya domin a nuna wani ɗan gajeren fim da ma'aikatan gidan talabijin na CBC na Kanada suka haɗa daga Habasha, aka ɗora masa waƙar Drive ta ƙungiyar The Cars. A ciki akwai yaro yana ta ƙoƙarin miƙewa tsaye ƙafafunsa na ƙi. Filin da bai fi awa guda da gama tafi ba ya yi tsit, mutane na kuka. Bayan wannan ne wayoyi suka ɗauki ruri. Gudummawa mafi girma daga mutum ɗaya ta fito ne daga gidan sarautar Dubai, fam miliyan 1. An ƙiyasta masu kallo sun kai biliyan ɗaya da rabi ko fiye, a ƙasashe kusan 150, kuma jimillar abin da wasan ya jawo daga baya ana kai shi fam miliyan 150.

Kuɗin sun yi aiki, wannan ba abin musu ba ne. An sayi hatsi da magani da manyan motoci, kuma ba Habasha kaɗai aka kai ba, har da Sudan, Chadi, Mali, Burkina Faso da Nijar. Farin 1984 ai bai tsaya a iyakar kowa ba. Ku tambayi dattawan Maraɗi da Damagaram, a can har suna aka raɗa wa yunwar shekarar, El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin sojan Najeriya ta yi. Wataƙila cikin masu karanta wannan akwai wanda iyayensa suka ci daga wannan taimako ba su san daga wane fili ya fito ba.

Sai dai labarin da aka ba mutanen Wembley rabi ne. An ce musu ruwan sama ne ya ƙi zuwa. Gaskiya ne an yi fari, amma yunwar ta fi tsanani ne a inda gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam ke yaƙi da 'yan tawayen Tigray da Eritiriya. Ana jefa bama-bamai a kasuwanni, ana hana fataken hatsi zirga-zirga, ana tilasta wa manomi sayar wa gwamnati amfaninsa da arha. A Satumban 1984, mutane na mutuwa a arewa, gwamnatin ta kashe maƙudan kuɗi wajen bikin cika shekara 10 da juyin juya hali a Addis Ababa. Sannan ta kwashe kusan mutum 600,000 daga arewa zuwa kudu da sunan ceto, da yawansu ba da son ransu ba, dubbai suka mutu a hanya da sansanoni. Ƙungiyar likitocin Faransa ta MSF ta fito ta faɗi haka, aka kore ta daga ƙasar a Disambar 1985. Har yau ana gardama kan ko agajin duniya ya sauƙaƙa wa Mengistu wannan aiki. A nan dole a yi adalci: a 2010 BBC ta yi wani shiri da ya bar mutane da fahimtar cewa kuɗin Band Aid sun tafi sayen makamai, daga baya ta nemi afuwa ta ce ba ta da hujjar hakan. Amma cewa yunwar na da hannun mutum a ciki, wannan ba a faɗa daga kan dandamali ba, domin ba a tafa wa irin wannan magana.

Wani abin kuma, awa 16 aka yi ana kiɗa domin Afirka, ba a kira mawaƙan Afirka ba. Fela na kurkuku a lokacin, to, amma King Sunny Ade na nan, Miriam Makeba na nan, Hugh Masekela na nan, Habasha kanta na da Mahmoud Ahmed. Hujjar masu shiri ita ce ana neman waɗanda za su hana Bature canza tasha ne. Ta fuskar lissafin kuɗi ban ce sun yi ƙarya ba. Amma sakamakon shi ne mutum biliyan ɗaya da rabi sun ga ɗan Afirka a fuska guda tak, kwance yana jiran a ba shi. Da aka sake irin wasan a 2005 da sunan Live 8 aka maimaita kuskuren, sai da aka yi surutu sannan aka shirya wa su Youssou N'Dour da Angelique Kidjo da Tinariwen nasu wasan a Cornwall, nesa da babban dandamalin Landan.

Abin dariya, ko abin takaici, shi ne akwai haifaffun Afirka a Wembley ranar, ba a dai kalle su a haka ba. Sade, wadda ta yi wasa da rana, a Ibadan aka haife ta. Shi kansa mai singiletin sunansa na yanka Farrokh Bulsara, an haife shi a Zanzibar ranar 5 ga Satumban 1946. Iyayensa 'yan ƙabilar Farsi ne daga Indiya, uban ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka. Yana ɗan shekara takwas aka tura shi makarantar kwana a Indiya, ya dawo, sai juyin juya halin Zanzibar na 1964 ya kore su, suka sauka a wata unguwa kusa da filin jirgin Landan a matsayin 'yan gudun hijira. Ya canza suna, bai cika son zancen asalinsa ba.

Da yawanmu ta fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018 muka san wannan rana, wanda Rami Malek, ɗan asalin Masar, ya ci kyautar Oscar da shi. Sun kwaikwayi wasan har zuwa kofunan da ke kan fiyano, amma sun yi wa tarihi kwaskwarima. Sun nuna wai ƙungiyar ta watse ta yi shekaru ba ta wasa, alhali a watan Mayun 1985, wata biyu kafin Live Aid, suna Japan suna wasa. Sun nuna wai Freddie ya gaya wa abokansa yana ɗauke da cutar ƙanjamau kafin ranar, alhali sai a 1987 aka tabbatar masa. Habasha kuwa a fim ɗin ba ta wuce dalilin da ya sa aka kafa dandamali ba, fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 900. Freddie ya yi wasansa na ƙarshe da Queen a fili a Knebworth ranar 9 ga Agustan 1986, ya mutu ranar 24 ga Nuwamban 1991.

Har yanzu ina kallon bidiyon, ba zan ɓoye muku ba, kuma har yanzu tsigar jikina na tashi in an zo wurin tafin. Abin da ya canza shi ne yanzu in ya ƙare nakan nemo ɗayan, na CBC. Kusa da ƙarshensa akwai fuskar wata yarinya 'yar kimanin shekara uku, idanu a kafe, leɓe a bushe. Ma'aikatan jinya sun gaya wa mahaifinta saura mintoci, har an fara shirin binne ta. Sunanta Birhan Woldu. Ta rayu, ta yi karatun aikin gona, daga baya ta karanci aikin jinya. Ranar 2 ga Yulin 2005 ta hau dandamalin Live 8 a Hyde Park tana da shekara 24, ta yi wa taron magana, aka fassara. Mohamed Amin bai ga wannan rana ba. Yana cikin jirgin saman Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros a watan Nuwamban 1996.